Sunan Mis Verna a Takardar Jana'iza

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ni, Thaddeus Broadnax na Uku, Babban Marubucin Shafin Mamata na ƙaramar jaridarmu ta mako-mako da ke yammacin Baltimore, wanda shi ne shugaban wannan sashe mai alfarma kuma shi ne dukan ma'aikatansa, ina mai sanar da wannan littafi, tunda ba ni da wanda zan gaya wa ba tare da muryata ta ba ni kunya ba, cewa Mis Odessa Pruitt ta rasu jiya Lahadi da hantsi. Shekararta saba'in da ɗaya. Arba'in da huɗu daga ciki ta yi su ne a teburin da yanzu yake fuskantar nawa, tana rubuta shafinta na kowace Alhamis a kan baƙar fata, da coci, da siyasa, da kuma abin da mutane ke yi a ɗakunansu suna musantawa a waje.

Da tana nan ta ga jimlar da ke sama, da ta ɗauki jan fensirinta ta ce, "Farfesa, wannan jimlar taka ta sa kwat ta kafa hula, ina za ta? Tsohuwa ta mutu. Ce ta mutu."

Ta mutu.

A aljihun teburina akwai ambulan. A watan Yuni ta ba ni, ranar da ta dawo daga asibiti karo na biyu. Ta ce, "Tarihina ne, na rubuta da kaina don kada ka kashe ni sau biyu. Ka sa shi a jarida, ka sa shi a takardar jana'iza, yadda yake. Ka ƙara ko waƙafi ɗaya, in dawo in zauna maka a ƙirji." Na dafa zuciya na yi mata alkawari da irin kalmomin da ake rantsar da alƙalai. Ta ce in sauke hannuna, ba wasan kwaikwayo ake yi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Na buɗe. Shafi ɗaya ne tak. Mace ta yi shekara arba'in da huɗu tana girgiza birni, ta naɗe kanta a shafi ɗaya, babu sifa ko guda, busasshe kamar burodin jiya. An haife ta, ta yi makaranta, ta yi aiki, ta bar waɗannan.

A cikin waɗanda ta bari akwai layin da ba zan kwafa a nan ba. Ya shafi Mis Verna Lyle, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, wadda suke gida ɗaya shekara talatin da huɗu, wadda duk unguwa ke kira "mai haya a wurinta" da fuska a miƙe, ba wanda ya taɓa yin dariya. Layin yana sama da sunan kowa.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yau tarihi ya ziyarci gidanmu cikin siffar Dikin Roscoe Pruitt, dattijon cocinmu kuma wan marigayiyar, ya zauna a kujerar da ba a zama a kanta, wadda Kaka ta lulluɓe da leda tun kafin a haife ni. Kaka tana cikin matan da ke shirya jana'iza a cocinmu, don haka ta koma kicin tana jiƙa kaji, ta bar mu.

"Ɗan Broadnax!" in ji shi. "Mai alƙalamin zinariya! Abin da ka rubuta a kan 'yar'uwa Hattie bara, matata har yanzu yana cikin Baibul ɗinta. Me ka ce ma? Ta haura?"

"Ta haura matakalar ɗaukaka cikin rigar haske," na ce, kuma ina mai baƙin cikin rubutawa cewa na gyara zama da na faɗa.

Na nuna masa shafin. Ba wanda ya tilasta ni. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Odessa ta rubuta wannan magani yana kanta," ya ce.

"A'a, Dikin, ras take. Ranar ma ta zage ni sau uku."

"Ɗana, saurara. Ba na ƙin Verna. Ita ta yi jinya, ita ta yi wanka, ita ta yi ɗauki, Allah ya saka mata. Amma uwarmu da ubanmu a cocin nan aka yi musu addu'ar ƙarshe. Takardar nan jikoki za su ajiye ta. 'Yan'uwanmu na Carolina suna tahowa a bas guda. So kake a yi kuka ko a yi raɗa?" Ya ninke shafin ya miƙo mini. "Ka sa ta cikin abokan arziki, ai abokiyar arzikin ce. Kuma dubi wannan abu, don Allah. Wannan ne tarihin mace kamar Odessa? Kamar takardar sayayyar kasuwa. Ka yi mata irin naka. Kai kuma za ka hau mumbari ka karanta, na riga na gaya wa Fasto."

Mumbari. Mutum ɗari shida. Ni da ban taɓa karanta wa kowa komai ba sai madubin banɗaki.

Na ce zan yi nazari mai zurfi. Nazarin ya ɗauki tsawon lokacin da Dikin ya ɗauka yana neman hularsa. A kicin Kaka ta buga tukunya da ƙarfi sau biyu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An kai maɗaba'a. Shafi huɗu, hoto bakwai. Bisa gaskiya, ban taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba. Na kira ta zakanyar alƙalami, hasumiyar gaskiya, ƙahon da ya tashi birni daga barci. A ƙarshe na jera Dikin da matarsa, 'ya'yansu, jikokinsu, 'yan'uwan Carolina, sannan "da ɗimbin dangi da abokan arziki waɗanda ba za su lissafu ba."

Ɗimbin. Kalma ce mai faɗi. Mutum zai iya shiga cikinta ya ɓata.

Takarda ce kawai. Kowa ya san Mis Verna. Takarda ba ta canza abin da kowa ya sani.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

An yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je coci ba. Na gaya wa Kaka maƙogwarona yana ciwo saboda hidimar jiya.

Ya kamata in rubuta wa 'yan baya yadda aka yi. Coci ya cika har baranda. Mawaƙa sun sa shuɗi. 'Yan majalisar birni uku sun zo, biyu daga cikinsu ta taɓa kiran su ɓarayi a shafinta, kuma su ne suka fi kowa sharar hawaye. Na hau mumbari. Da na kai "zakanyar alƙalami" wata tsohuwa ta ɗaga mafici ta ce, "Faɗa, yaro!" Da na kai "hasumiyar gaskiya" mai piyano ya raka ni da kiɗa. Na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Bayan an dawo daga maƙabarta an ci abinci a ɗakin ƙarƙashin coci: soyayyen kaza, ganye da naman hayaƙi, burodin masara, kek iri biyar. An sha hannuna har ya yi tsami.

Wannan shi ne rahoton.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Abin da na manta shi ne Sista Loretta.

Ita ce shugabar matan da ke zaunar da jama'a, masu farar riga da farar safar hannu. Shekara ashirin ke nan aikinta a jana'iza ɗaya ne: ta tsaya a zaure da takardar jana'iza a hannu, ta jera dangi bi da bi yadda aka rubuta sunayensu, ta shigar da su bayan Fasto zuwa benci uku na gaba. Ba ta ƙari, ba ta ragi. Ta taɓa hana ɗan majalisa wucewa. Na san wannan. Tun ina ɗan shekara shida nake kallonta tana yi. Ban san inda na ajiye sanin ba ranar Alhamis.

Daga inda nake zaune kusa da mumbari ana hango zaure. Mis Verna ta zo da hula ruwan malmo, ta tsaya a gaban layi, inda ya kamata. Sista Loretta ta bi takarda da yatsa, ta sauka har ƙasa, ta koma sama, ta juya bayanta. Ban ji abin da ta ce ba. Na ga dai farar safar ta taɓa gwiwar hannun Mis Verna a hankali, ta nuna mata gefe.

Ta samu wuri a benci na biyun ƙarshe, kusa da ƙofa.

Da aka zo rufe akwati, Fasto ya ce dangi su taso su yi kallon ƙarshe. Benci uku suka miƙe. Jikan Dikin da bai taɓa ganin Mis Odessa da rai ba, an ɗaga shi ya leƙa. Sannan aka gyara mata mayafi, aka sauke murfi. Motocin dangi biyu ne zuwa maƙabarta, su ma da takarda aka cika su.

A ɗakin cin abinci na nemi hular ruwan malmo. Ban gan ta ba. Ban nema da kyau ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Ambulan yana aljihun tebur.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe uku

Ta zo ofis.

Ina cikin rubuta cewa wani mai gyaran famfo ya amsa kiran Mahaliccinsa sai na ji ana jan abu a matakala. Mis Verna ce, da keken zuwa kasuwa, ta ɗora tafiretar Mis Odessa a ciki. Na tashi har kujerata ta faɗi.

"Zauna, ɗan nan, ba 'yan sanda ba ne," ta ce. "Ga wannan. Ba na son ganinta a gidan. Kai ne za ka iya da hayaniyarta."

Na ce ban cancanta ba. Wannan ita ce gaskiyar farko da na faɗa a makon, kuma ta ɗauke ta a matsayin ladabi.

"Ka yi karatu mai kyau ranar. Har baya ana jin ka." Ta zauna a kujerar Mis Odessa, ta sake miƙewa kamar ta zauna a kan wuta. "Na ga kana kauce wa idona. Daina. Ba laifinka ba ne. Na san ita ta rubuta abinta. A watan Yuni ta kulle ƙofa kwana biyu, ina jin tak-tak-tak, na kai mata shayi ta ce in ajiye a ƙasa. Ta ce mini, 'Verna, na gama, na ba Farfesa.' Kai dai ka sa mata ado, wannan kowa ya gane, Odessa ba ta san kalmar hasumiya ba. Amma sunaye, ita ta jera abinta."

Na buɗe baki.

"Shekara arba'in da huɗu tana faɗin gaskiyar kowa," ta ce. "Ta fasa fastoci, ta fasa magajin gari. Na ce mata tun tuni, ba na son a sa ni a jarida, ba na son tuta, ba na son maci. Abu ɗaya na roƙa. Na ce ranar nan kawai, kada ki bar ni a tsaye a ƙofa. Ta ce, 'Haba, Verna.' Haka kawai ta ce. Ashe da ta zo kan takarda, Roscoe ya fi ni."

A nan ne wurin. Aljihun tebur yana taɓa gwiwata. Hannu ɗaya, daƙiƙa biyu.

Abin da ya fito daga bakin Thaddeus Broadnax na Uku shi ne: "Haƙiƙa, Mis Verna, rashi ne wanda harshe ba zai iya siffantawa ba."

Ta dube ni, ta ce, "I, to." Ta ce 'yar ƙanwarta tana zuwa ɗaukarta ranar biyar ga watan gobe, za ta koma Richmond. Ba ta je kabarin ba. Ba za ta je ba. "Me zan ce mata? Na gode da benci?"

Ta ja kekenta ba kowa a ciki, yana ƙara a kowace matakala.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da safe

Na yi shawara da kaina a matsayin kwamiti mai mutum ɗaya. Kwamitin ya lura cewa tsohuwa ce mai hawan jini, kuma gaskiya kwatsam tana iya yi mata illa. Kwamitin ya lura cewa za ta tafi, nisa kuma magani ne. Kwamitin ya yaba wa kansa, ya ɗage zama.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Editanmu, Mista Winslow, yana son bugu na musamman a kan aikin Mis Odessa. Ya ce, "Kai ne masaninta yanzu, Broadnax, sauka ka tono." Na sauka ɗakin ajiya. Kwali goma sha tara.

Ta fara a shekarar 1975, ita kaɗai ce mace a cikin masu bin labarin kotu, kuma wata uku ana aikenta sayo kofi kafin a gane cewa ita ce ke rubuta labarin. Ta bi gida-gida a titi ɗaya tana tambayar wa aka ba rancen sayen gida, wa aka hana, ta buga amsar da taswira, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta zauna a ɗakunan iyaye mata da yawa waɗanda aka kashe wa 'ya'ya, kuma a kowane labari ta rubuta abin da yaron yake son ci. Ta rubuta a kan wani fasto da ya sayi mota ta uku rufin coci yana yoyo, ya tsine mata daga mumbari mako huɗu a jere, ita kuma tana zaune a benci na shida da jakarta a cinya tana cewa amin. Da matarsa ta mutu, ita ya roƙa ta rubuta tarihinta. Ta rubuta.

Lokacin da aka yi ƙuri'a a kan auren jinsi ɗaya, cocinmu ya rabu biyu, ta yi wata shida tana hira da kowane ɓangare, ta ba kowa bakinsa cikakke. Wasiƙun masu karatu suna kwali na goma sha shida. Rabi sun ce za ta shiga wuta. Rabi, yawanci matasa, sun ce matsoraciya ce, ta fito ta faɗi ko ita wace ce. Ta ɗaure kowane rabi da zare, ta rubuta a kai da jan fensir: "Na gode."

A kwali goma sha tara babu kalmar "ni" da ke nufin ita.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Kwali na bakwai, shekarar 1987, lokacin da cutar ƙanjamau take kwashe samari ana cewa ciwon huhu ne. Ta je jana'iza talatin da ɗaya a shekara guda. Ba ta shiga coci ba. Tsallaken titi take tsayawa tare da mutanen da ba a gayyata ba, ta tambayi kowanne shekara nawa suka yi tare da mamacin, wa ke dafa abinci, wa ke wanke kwanoni. Wani ya ce mata shi ya saya wa mamacin kwat ɗin da aka binne shi da ita, bai ga ko ta yi masa daidai ba.

Na mayar da kwalin. Na hau sama na rubuta cewa wata malamar makaranta ta mutu. Mista Winslow ya karanta ya ce, "Lafiyarka, Broadnax? Ba ta haura ko'ina ba?"

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na je titinsu da ambulan a aljihun kwat. Mis Verna tana waje, a durƙushe, tana goge matakalar farin dutse da burushi kamar yadda tsofaffin unguwar ke yi kowace Asabar. Mace mai barin gida nan da kwana goma. Na tsaya a bakin shagon da ke kwanar titin na sayi ruwan da ba na so. Na shanye. Bas ta zo, na shiga.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan coci

Na tare Dikin a wurin ajiye motoci. Na gaya masa abin da Mis Verna take zato.

"Ka ga ikon Allah," ya ce. "Ai ya fi sauƙi haka. Mamaci ba ya jin zagi." Ya dafa kafaɗata. "An rufe maganar nan tare da akwati, ɗana. Kuma ka tuna, ni shawara na bayar. Alƙalami a hannunka yake."

Ban taɓa jin ya faɗi abin da ya fi wannan gaskiya ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da safe

Na rubuta wa Mis Verna wasiƙa, shafi shida. Na fara da raunin ɗan Adam tun daga lambun Adnin. Sai a shafi na biyar na iso kan abin da na yi, a can ma na ce "an samu kuskure." Na karanta, na ji kamar wani ne ya yi, har na tausaya masa. Na yaga.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ban je ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Bugu na musamman ya fito. An yaba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Kaka ta ajiye mini farantin karin kumallo babu komai a ciki. Na ɗauka mantuwa ce, na ce, "Uwar gida mai daraja, da alama an samu tsaiko a sashen rabon abinci."

"Rufe mini baki, Thaddeus." Ta zauna tana fuskantata, abin da ba ta yi. "Jiya na kai wa Verna kek. Ta cire hoton Odessa daga bango, ta juya shi yana kallon ƙasa a cikin kwalin takalma. Ta ce mini, 'Ola, ashe shekara talatin da huɗu ni kaɗai nake zaune a gidan nan.' Ina tsaye da kek a hannu kamar gunki."

Na ce ina nazarin hanyar da ta fi dacewa.

"Na ji komai ranar da Roscoe ya zo. Bangon nan kwali ne. Na yi shiru, kuma zan amsa wannan a gaban Ubangiji. Ni ma shekara talatin ina ce wa matar nan mai haya, alhali na san abin da na sani. Amma ni ba a hannuna aka damƙa takarda ba." Ta ɗauke farantin. "Kai a tunaninka kanka kake ɓoyewa? Odessa kake bari ana zagi a kabari da laifinka. Na raine ka da baki, ban san na raine ka babu ƙashin baya ba."



Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na je da ƙarfe biyu. Gida duk kwalaye, bango duk tabon inda hotuna suka zauna. Ta buɗe ƙofa da almakashi a hannu.

"Farfesa. Tafiretar ta lalace?"

Na shirya jawabi a bas. Ban yi shi ba. Na ce, "Mis Verna, ba ita ta cire sunanki ba. Ni na cire. Ga abin da ta rubuta."

Ta dubi ambulan, ba ta karɓa ba. Ta ajiye almakashi a kan kwali. Ta zauna a kan wani kwalin.

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Na faɗi Dikin, na faɗi mumbari, na faɗi cewa na so a ji muryata.

"Karanta," ta ce. "Kai ne mai murya. Na ji ka ranar, har baya."

Na karanta a tsaye. An haife ta, ta yi makaranta, ta yi aiki. Sannan layin. Yanzu zan kwafa shi:

"Na bar Verna Lyle, matata a komai sai a takarda. A rubuta ta farko, a zaunar da ita gaba, ita za ta gyara mini mayafi. Duk abin da na rubuta na jama'a ne. Wannan layin ne kawai nawa."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta kai shafin kusa da fuskarta, ta shafa wurin da harafin ya huda takarda. Ta daɗe.

"Kwana ashirin da uku," ta ce. "Ka san abin da na ce mata a kwana ashirin da uku? A kicin, a banɗaki, a kan gado, da ƙarfi? Na kira ta abin da ban taɓa kiran kare ba. Na ba da rigunanta duka, ko ɗaya ban bari ba. Na zubar da kofinta a shara." Ta ɗago. "Bencin na yafe tun ranar, na saba da bencin baya. Ranar Alhamis ɗin nan da na zo ofishinku, shafin nan yana ina?"

"A aljihun tebur."

"Wanda kake zaune a gabansa."

"I."

Na ce zan buga shi a jarida, a shafin farko, da sunana a ƙasa da abin da na yi.

"Kana son wani mumbarin ke nan," ta ce. "A'a. Ranar da ya kamata a karanta shi ta wuce. Nawa ne yanzu." Ta ninke shi ta sa a ƙirjin rigarta. "Mayafin, wa ya gyara mata?"

"Matar Dikin."

"Ba ta son ya taɓa mata haɓa."

Ta tashi ta buɗe ƙofa.

"Ka kyauta da ka zo. Kada ka sake zuwa."

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe tara da rabi na safe

Wayar teburina ta yi ƙara. Mis Verna ce, ba ta yi gaisuwa ba. Ina jin injin mota a bayanta, da muryar wata mace tana cewa Anti za mu makara.

"A maƙabartar, wane wuri ne?"

Na ce zan zo yanzu in kai ta.

"Wurin na tambaye ka."

"Sashe na tara, layi na huɗu, kusa da katanga. Ba a sa dutse ba tukuna, ƙaramin allo ne."

"Tara, huɗu, katanga," ta ce, ta ajiye waya.